Toyota 86: Farashin Da Aka Sa Rai Da Wanda Aka Gani

Toyota 86 ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu wadda Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka ƙera, ta shigo kasuwa a 2012. Lokacin da ta fito sunanta ya danganta da inda kake, a Japan 86 ake ce mata, a Turai GT86, a Amurka Scion FR-S (Scion wani reshen Toyota ne da ke can a lokacin), 'yar'uwarta kuma ta ɓangaren Subaru ita ce BRZ, amma duk daga masana'anta ɗaya suke fitowa, ta Subaru da ke Ota a yankin Gunma. Wannan mota dai tun kafin a ga tayarta a kan kwalta masu son mota suka shafe shekara biyu da rabi suna lissafin nawa za a sayar da ita da me da me za a sa mata, kuma wannan dogon jiran shi ne rabin tarihinta.

Asalin sa ran

A watan Oktoban 2009 a bikin baje kolin motoci na Tokyo Toyota ta nuna samfurin da ta kira FT-86. Lokacin Akio Toyoda bai daɗe da zama shugaban kamfanin ba, shi kuma mutum ne mai son tsere, yana kukan cewa motocin Toyota sun zama na kai yara makaranta kawai babu armashi. Lambar 86 ɗin ma da gangan aka ɗauko ta daga AE86, wata Corolla mai jan baya da aka yi daga 1983 zuwa 1987, Japanawa na ce mata Hachi-Roku wato takwas-shida, mara nauyi mai araha, irin wadda saurayi zai saya da ɗan albashinsa ya je ya yi ta murza ta a kwanar dutse. To da mutane suka ji sunan sai kowa ya ce shi ke nan, mota mai arha ta dawo. Mujallun mota suka yi ta yaɗa cewa wai za a sayar da ita kusan yen miliyan 2, a Amurka kuma adadin da ya zauna a bakin mutane shi ne dala 20,000, har ya zama kamar alkawari ne aka sa wa hannu alhali ba a kai ga sanar da farashi ba tukuna.

Shi kuma jira ya yi tsawo. Aka sake nuna FT-86 II a Janiba a farkon 2011, aka nuna samfurin Scion FR-S a New York a Afrilu, sai a ƙarshen shekarar aka fito da ainihin wadda za a sayar. A wannan tsakanin kuɗin Japan ya yi ta hawa har dala ɗaya ta sauko kusan yen 75 a Oktoban 2011, kuma motar a Japan ake haɗa ta gaba ɗaya, ka ga ke nan duk wanda ya iya lissafi ya san dala 20,000 ɗin nan ta riga ta sha ruwa.

Farashin da ya fito

A Japan kam an cika magana, amma da dabara. Mafi arha cikin samfuranta a 2012 ita ce RC a kan yen miliyan 1.99, sai dai fa in ka buɗe ƙofarta babu na'urar sanyaya iska, babu rediyo, bamban gaba da na baya baƙaƙe ne ba fenti, ƙafafun kuma na baƙin ƙarfe ne irin na motar haya. An yi ta ne don mai niyyar kwance komai ya sa nasa kayan tsere, shi ba asara ya yi ba tunda dama zubar da su zai yi. Wadda mutum zai iya shiga ya je aiki da rani ita ce G a kan miliyan 2.41, sai GT miliyan 2.79, GT Limited kuma miliyan 2.97.

A Amurka FR-S mai giyar hannu ta fito a dala 24,200, mai otomatik 25,300, banda kuɗin kawowa. BRZ ta fara daga 25,495, Limited ɗinta 27,495. A Ingila GT86 fam 24,995 ce. Wasu suka ce ai ba laifi, wasu kuma suka ɗauko kalkuleta, don a wannan kuɗin a lokacin Hyundai Genesis Coupe mai turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, tana ba ka ƙarfin doki 274, Ford Mustang mai V6 tana ba ka 305 kuma ta ma fi arha, ita kuwa 86 doki 200 kacal. A takarda dai an kayar da ita, sai in ka zauna a bayan sitiyari ne maganar take canzawa.

Zaɓin kaya

Nan ma an ɗan yi tsaki. A lokacin Scion tana da tsarinta na farashi ɗaya babu ciniki, mota kuma iri ɗaya, abin da za ka zaɓa shi ne kala da giya, sai 'yan tarkacen da dila zai ɗaura maka. Mai son kujerar fata mai ɗumi da tayar da mota da maɓalli sai ya tsallaka wurin Subaru ya ƙara kuɗi ya ɗauki Limited. Rufin da ake zugewa babu shi ko da kuɗinka. An nuna samfurin mai buɗaɗɗen kai, FT-86 Open, a Janiba a 2013, mutane suka yi ta murna, har yau ba a ƙera ta don sayarwa ba.

Taya ma ta jawo surutu. Michelin Primacy HP ce mai faɗin milimita 215 a kan rim inci 17, irin wadda ake sa wa wani samfurin Prius, motar da aka sani da tsimin mai, mutane suka ce wannan ai raini ne. Amma babban injiniyan motar Tetsuya Tada da gangan ya yi, so yake bayan motar ya riƙa zamewa a gudun da bai kai na halaka ba, don mai koyo ya ji daɗinta ba sai ya taka 200 ba. A ganina nan ya fi masu sukarsa gaskiya, taya ce abu mafi sauƙin canzawa a jikin mota, nauyi kuwa in ya shiga ba ya fita, ita kuma kilo 1,250 ce ko kusa da haka, injin a kwance can ƙasa, kujerun baya in ka kwantar da su taya huɗu na shiga but.

Rigimar turbo

Wannan ita ce ba ta mutu ba. Injin lita 2.0 ne na Subaru mai kwantattun fistin, an sa masa tsarin feshin mai na Toyota D-4S, faɗin silinda milimita 86 tafiyar fistin ma 86, ka ji son lamba. Da yake Subaru ce mai WRX, motar da aka sani da turbo, kowa ya ɗauka turbo na nan tafe, in ba bana ba to baɗi. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne wani rami da ƙarfin injin yake faɗawa wajen juyi 4,000 a minti, ka taka totur za ka wuce babbar mota sai ka ji kamar ta tsaya tunani, sai allura ta haura sannan ta farka. Su kamfani amsarsu kullum ita ce turbo zai ƙara nauyi da kuɗi ya ɓata daidaiton motar, masu sayar da kayan ƙari kuwa kakarsu ta yanke saƙa, suka yi ta sayar da turbo da sufacaja, wata na'urar ƙara ƙarfin inji, ga duk wanda haƙurinsa ya ƙare. Da aka rufe Scion a 2016 motar ta koma Toyota 86 a Amurka, aka ƙara wa mai giyar hannu doki 5 ta zama 205, abin ya zama na barkwanci a wurin masoyanta.

Zubi na biyu, GR86, ya zo a 2021 da inji lita 2.4 mai doki 228 a lissafin Amurka, ramin nan ya kusa cikewa, turbo dai shiru, farashin farko dala 27,700. A Ingila aka sa ta fam 29,995, kuma da yake sabbin dokokin kariya na Turai sun sa shekara biyu kawai za a sayar da ita a can, da aka buɗe oda a Afrilun 2022 duk kason ƙasar ya ƙare cikin minti 90.