Miksaj: kalmar da aka ɗora wa kayan da ba nata ba

Tun da samarin Damagaram suka fara kafa sitidiyo a ɗakunansu, da kwamfuta ɗaya da manhajar haɗa sauti irin FL Studio ko Audacity, kalmar "miksaj" ta cika gari. Mai gabatar da shiri a rediyo ya jera waƙoƙi biyar, ya ce ya yi miksaj. Mai kiɗan biki a Zango ya murɗa bafil har ƙarshe, shi ma wai miksaj ne. Waɗannan da sauƙi. Wadda ke ci mini rai ita ce ta masu gita: "Bar shi haka, miksaj zai gyara."

Daga Faransanci muka karɓi kalmar, su ma a Ingilishi suka aro ta, ma'anarta gaurayawa. Ana ɗaukar gita a layinta, murya a nata, kalangu a nasa, sannan a zauna a daidaita: wa zai fito gaba, wa zai ja baya, wa ke dama, wa ke hagu. Damun fura ne dai. In nono ya lalace, ludayi ba shi da ta cewa.

Wani ƙanena a Birni ya kamu da son blus, wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka, ya kawo mini abin da ya ɗauka. "Yaya, ɗan yi mini miksaj." Da azahar ya yi aikin, ƙarƙashin rufin kwano, fanka na juyawa, ƴan kabu-kabu na wucewa, mikoro can bakin ƙofa, ma'aunin sauti kuwa ja wur. Abu ɗaya na iya cire masa: gurnanin wutar lantarki. A ƙasarmu yana zaune a hertz 50 (hertz shi ne awon kauri ko sirantar sauti), ita kuwa tsirkiya mafi kauri ta gita tana wajen 82, don haka ana iya yanke ƙasa ba a taɓa kiɗan ba. Sauran fa? Sautin da ya haura 0 dB, wato ƙololuwar ma'aunin sauti, a kwamfuta an fille masa kai, ba na'urar da za ta mayar masa da shi yadda yake. Hucin fanka kuma ya shige daidai inda zamiyar yatsa take. To ai blus ke nan ɗungurungum: a tura tsirkiya sama har ta yi kuka, a bar amon ya mutu a hankali. Ka share fankar, ka share kukan.

Na ba shi labarin Robert Johnson, shahararren mawaƙin blus. A Nuwamban 1936, a ɗakin wani otel a San Antoniyo ta Amurka, mikoro ɗaya aka kafa masa, sauti na tafiya kai tsaye kan faifai. Da abin da ya ƙara a Dalas a 1937, waƙoƙinsa 29 ne kacal. Babu layi biyu balle a gauraya. Naɗi mai layuka da yawa sai daga baya ya zo. Har yau ana sauraren mutumin nan. Ni a ganina rabin abin da ake kira miksaj a garin nan kwalliya ce ake yi wa gawa.

Muka sake ɗaukar kiɗan ƙanen nawa bayan sha ɗayan dare. Muka kashe fanka, muka rataya bargo da tabarma a bango. Mikoro ya dawo gaban ampli, akwatin da ke ƙara wa gita sauti, tazarar yatsu uku. A tsakiyar bafil sautin ya yi kaifi, muka gusa shi gefe har ya yi taushi. Ma'auni bai wuce -12 dB ba. Gumi kam mun sha. Miksaj ɗin kansa bai kai rabin awa ba: na rage ƙasa, na ja gita ta biyu hagu kaɗan, na ɗiga eko kamar gishiri, shi yana so a zuba da cokali.

Washegari ya saurara a wayarsa, ya dawo yana ƙorafi wai waƙar ba ta kai waƙoƙin rediyo ƙara ba, in ƙara masa miksaj. Na ce masa wannan kuma masterin ake ce masa, gyaran ƙarshe da ake yi bayan miksaj, ya bari sai na karya kumallo.