Sojojin Baka: Ma'anar Kalmar da Yadda Sana'ar Take Gudana

A siyasar Arewacin Najeriya, musamman Kano inda kalmar ta fi kafuwa, sojan baka shi ne mutumin da aikinsa ya shiga shirin siyasa a rediyo ya yabi ubangidansa, ya kare shi daga sukar 'yan adawa, ya kuma mayar da martani ga duk wanda ya taɓa shi. An kira shi soja ne saboda yana da kwamanda, ana tura shi fagen daga, kuma ba shi ke zaɓen wanda za a yaƙa ba. Makaminsa kawai ya bambanta da na mai kaki. Ba muƙami ba ne da ake rantsar da mutum a kai, ba a kuma ba da takardar ɗaukar aiki, amma duk mai sauraron rediyo da dare ya san muryoyinsu, har da laƙabin da kowannensu yake yi wa kansa.

Kalmar tana da fuska biyu. Masu yin abin suna faɗinta da alfahari, domin a ganinsu su ne ke shan rana da zagi a madadin jagora. A bakin wasu kuwa gori ce: in ana gardama a majalisa aka ce wa mutum "kai ai sojan baka ne", ana nufin maganarsa ba tasa ba ce, an biya shi ne ya faɗa.

Ana yawan cakuɗa shi da wasu mutane. Kakakin gwamna ko na jam'iyya yana magana ne da sunan ofis, abin da ya faɗa kuma ana iya riƙe ubangidansa da shi. Sojan baka kuwa amfaninsa shi ne in ya yi katoɓara, jagora zai iya cewa bai aike shi ba. Mai sharhi kan al'amuran yau da kullum, irin malaman jami'a da tsofaffin 'yan jarida da ake gayyata, shi ma yana iya karkata ga wani ɓangare, sai dai ana sa ran hujja ce za ta kai shi inda zai tsaya. A wurin sojan baka an riga an tsayar da matsaya tun kafin ya bar gida, hujja daga baya ake nemo ta. Wannan ne bambancin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ya raba shi da talakan da ya bugo waya don kishin jam'iyyarsa ba tare da ko sisin kowa ba. Zafin ra'ayi bai isa ya mayar da mutum sojan baka ba.

Tushen abin ya girmi rediyo. Ƙasar Hausa ta daɗe da maroƙa da 'yan ma'abba masu wasa ubangida su yi wa abokin hamayyarsa zambo da habaici. Da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, NEPU da NPC kowace ta samu masu lacca da mawaƙa da suka ɗauki wannan salo suka kai shi dandali. A Jamhuriya ta Biyu, da PRP ta dare gida biyu, 'yan taɓo na Malam Aminu Kano da 'yan santsi na su Abubakar Rimi, an ga yadda gugar zana take iya zama babban makamin siyasa. A zamanin ne kuma Waziri Ibrahim na GNPP ya shahara da kiran a yi siyasa ba da gaba ba.

Abin da ya mayar da harkar sana'a shi ne rediyo mai zaman kansa. Sai a 1992 gwamnatin soja ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talabijin, ta kafa hukumar NBC ta riƙa sa ido a kansu. A Kano, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, shirinta na Kowane Gauta kuma ya zama abin koyi ga tashoshin da suka biyo baya. Sunan daga karin magana ne: kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Wato kowa yana da abin faɗa in an ba shi dama. Kafin lokacin, wanda ba ya ɗasawa da gwamnati da wuya a ji muryarsa a tashar jiha. Yanzu ga fili an buɗe, sai dai fili ne na kuɗi.

Yadda akan yi shi ne, wani na kusa da ɗan siyasa, galibi mai kula masa da harkar yaɗa labarai, zai ba sojan baka kuɗi da kan maganar da ake son a taɓa. Shi kuma ya je tasha ya biya kuɗin fili gwargwadon mintunan da yake so, sau da yawa minti ɗaya zuwa uku ne kacal. A naɗi muryarsa, mai shirya shirin ya saurara ya yanke abin da yake ganin zai jawo wa tashar rigima, a jera ta da muryoyin wasu a saka da dare. Wanda aka taɓa zai ji, ko a tura masa a WhatsApp kafin gari ya waye, washegari nasa sojan ya zo ya biya ya rama. Tasha ta ci kuɗi sau biyu a kan magana ɗaya. Abin da ya rage bayan an biya kuɗin fili shi ne na sojan baka, sai kuma abin da kan biyo baya: na goro, shinkafar azumi, ragon layya, kujerar Makka, in an ci zaɓe kuma wataƙila ɗan muƙamin mai ba da shawara ko mataimaki na musamman.

Ƙarancin lokacin nan ya yi tasiri a kan irin maganar da ake yi. Minti biyu ba za su isa a warware yadda kasafin kuɗi yake aiki ba, amma sun isa a yi kirari, a jefa habaici, a rufe da addu'a. Ga shi kuma ubangida ba da ingancin hujja yake auna aikin ba, da yawan surutun da maganar ta tayar a gari yake aunawa. Saboda haka wanda ya fi iya yarfe shi ya fi kasuwa.

Dabarun ba su da yawa, kuma da mutum ya gane su zai riƙa jin su kullum. Akwai barin magana a koma kan mai maganar: an ce asibiti babu magani, sai a amsa da cewa wanda ya faɗa ai an kore shi ne daga muƙami shi ya sa yake ɓaɓatu. Ko da gaskiya ne an kore shi, maganin dai bai dawo asibiti ba. Akwai "ku da kuna kai me kuka yi?", wadda ita ce ta fi kowace yawa, domin a jiha irin Kano kusan kowane ɓangare ya taɓa riƙe mulki, kowa yana da tabon da za a sosa. Akwai laƙaba wa abokin hamayya maganar da bai yi ba sannan a ragargaje ta: ya ce a binciki kuɗin wata gada, sai a ce ba ya son a yi wa talakawa gada. Akwai kuma sakaya suna, a ce "wani tsohon kwamishina mai farar mota", kowa ya gane wanda ake nufi amma a kotu a ce ba a ambaci kowa ba. Mafi haɗari ita ce jawo addini ko asalin mutum cikin gardamar da ta shafi kwalta da taki.

Inda suka fi rikita mai sauraro shi ne wajen alƙaluma, kuma harkar ilimi ce ta fi nuna hakan. Sojan gwamnati zai ce an ware wa ilimi biliyoyin naira. Na adawa ya ce ga makarantar firamare yara suna zaune a ƙasa, rufin ya yaye. Dukkansu suna iya zama masu gaskiya, saboda kalmomi uku ne ake haɗawa kamar ɗaya: an ware, an saki, an kashe. Warewa rubutu ne a kundin kasafi da majalisa ta amince da shi. Saki shi ne kuɗin ya bar baitulmali ya shiga hannun ma'aikata, kuma ba lallai a saki duka ba. Kashewa shi ne ɗan kwangila ya karɓa ya yi aikin. Sai kuma tambayar wa ke da alhaki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta iya ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ita ce take ba da aikin. Albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. To in aji ya rushe, laifin yana iya zama na jihar da ba ta ajiye kasonta ba, ko na ɗan kwangila, ko na wanda ya sa hannu cewa an kammala. Babu sojan bakan da zai ɓata mintinsa biyu a kan wannan, domin in ya warware shi daki-daki ba lallai laifin ya faɗa inda aka aike shi ya jefa ba. Haka abin yake a kan tituna: akan zagi gwamna saboda titin tarayya, ko a yaba masa kan aikin da ɗan majalisar tarayya ya kawo mazaɓarsa.

Mai son tantance irin wannan magana zai iya farawa da neman abu huɗu: sunan aikin da wurinsa, shekarar kasafin, hukumar da ta ba da shi, da kuma matakin da kuɗin yake a cikin ukun nan. Maganar da ta rasa biyu daga cikinsu, kirari ce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai neman bayani, ko da yake a aikace sau da yawa sai an yi ta bibiya.

Doka ba ta san wani abu wai shi sojan baka ba, amma ta san abin da yake faɗa. Kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, da ya fara aiki a 1960 ya mayar da ɓata suna laifi a sashe na 391 da 392, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana zagi da kalaman tunzura jama'a a kamfe, ta kuma hana saka tallar siyasa a awa 24 na ƙarshe kafin ranar zaɓe. NBC ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5 a 2020, sai dai a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, tunda ita ba kotu ba ce. Tsoron rasa lasisi ne ya sa tashoshi suka fi son naɗaɗɗen shiri a kan na kai tsaye, domin abin da ya fita kai tsaye ba ya yankuwa. A watan Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, tare da neman masu shiga su sa hannu kan alkawarin ba za su ci mutunci ba. Masu suka sun ce wannan hurumin NBC ne ba na jiha ba. Damuwarsu kuma tana da tushe: a irin wannan tsari, sojan da ke yabon mai mulki ba kasafai ake samunsa da laifi ba.

Ba adalci ba ne a ce ba su da amfani ko kaɗan. Da yawansu suna da basira da iya sarrafa harshe, sun san unguwanni lungu-lungu, kuma ta bakinsu ne koken wani ƙauye da rijiyar burtsatsensa ta lalace yake isa kunnen gwamnati, ko da don a kunyata ta aka faɗa. Mai mulkin da ya san za a ambaci sunansa da dare yakan ɗan yi taka-tsantsan da rana. Matsalar ita ce koken yana mutuwa ranar da aka sasanta da mai kawo shi. Shi ya sa sauya sheƙa ta zama ruwan dare a cikinsu: muryar da ta shekara tana zagin mutum, gobe a ji ta tana yi masa kirari, ta ce ta gano gaskiya.

Da wayoyin hannu suka yawaita, kalmar ta faɗaɗa ta haɗa da 'yan midiya masu yin wannan aiki a Facebook, X da TikTok, waɗanda akan yi wa gorin cewa kuɗin data ake ba su. Tsarin bai canza ba, amma abu biyu sun fita daga ciki. Babu kuɗin fili, don haka kowa zai iya shiga, har mutum ɗaya ya buɗe shafi biyar da sunaye daban-daban ya riƙa amsa wa kansa. Babu kuma mai shirya shiri da zai yanke magana kafin ta fita. Akan rubuta saƙo ɗaya a zauren WhatsApp a raba wa mutum talatin su wallafa a lokaci guda, shi ya sa za ka ga rubutu iri ɗaya, har da kuskuren harafi iri ɗaya, a shafuka da yawa cikin awa guda. Akan kuma yanko daƙiƙa ashirin daga jawabin rabin awa, ko a ɗauko tsohon hoto a ce na jiya ne. A nan sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ne aka fi kama mutane da shi, mai tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku. An yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi bayan koke-koken cewa ana amfani da shi wajen toshe bakin 'yan jarida da masu suka. In an zo kamu kuwa, mai shafin ake ɗauka, domin sunansa ne a kan rubutun, shi kuma wanda ya tura kuɗin data babu inda sunansa ya fito.