Bita-karotin a Cikin Ƙananan Ƙwayoyin Kitse: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa bita-karotin yake buƙatar kariya?

Shi ne sinadarin da ke ba karas launinsa na ruwan goro, kuma jiki yana mayar da shi bitamin A a cikin hanji. Sai dai ba ya narkewa a ruwa, sannan haske da zafi da iskar oksijin suna lalata shi. Idan aka zuba shi haka nan a abin sha, yakan taso ya yi zobe a wuyan kwalba, daga baya launin ya koɗe, amfaninsa kuma ya tafi tare da launin.

Yaya ake lulluɓe shi?

Ana narkar da kitse a zuba sinadarin a ciki, a haɗa da ruwan zafi mai ɗauke da abin da ke hana mai da ruwa rabuwa, kamar lesitin. Sai inji ya tura haɗin ta wata 'yar ƙaramar kafa da matsi mai tsanani, har kitsen ya farfashe zuwa ƙwayoyin da girmansu yake tsakanin nanomita 50 zuwa 1000. Nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita guda.

Ashe kitsen da ya daskare shi ya fi ba da kariya?

Haka aka zata, amma a nan gizo ke saƙa. Idan kitse iri ɗaya ya daskare, sassansa kan jeru su matse har su rasa wurin baƙo, sai su tunkuɗo bita-karotin zuwa bayan ƙwayar, daidai inda oksijin da ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ruwa suke jiransa. Wannan matsewa tana iya ci gaba ko bayan kaya sun shiga sito. Shi ya sa ake gauraya daskararren kitse da mai na ruwa, domin jerin ya kasance da giɓi inda sinadarin zai fake. A ganina, zaɓen kitsen ya fi ƙanƙantar ƙwayar muhimmanci, ko da yake ƙanƙantar aka fi tallatawa.

Jiki yana samun ƙarin amfani?

Yana samu, domin hanji na buƙatar mai kafin ya tsotse bita-karotin. A lissafin masana abinci, maikurogiram 12 (maikurogiram dubu ne ke yin miligiram guda) na bita-karotin daga kayan lambu ne ke ba da 1 na bitamin A, amma idan an narkar da shi a mai, 2 sun wadatar.

Akwai abin tsoro?

Akwai, ga masu shan taba. Manyan gwaje-gwaje biyu, na Finlan da aka fitar da sakamakonsa a 1994 da na Amurka a 1996, sun gano ƙaruwar sankarar huhu ga mashaya taba da aka riƙa ba miligiram 20 ko 30 na bita-karotin a kullum. Tunda lulluɓin yana ƙara yawan abin da jiki ke tsotsa, dole ne mai sarrafa abinci ya yi lissafin adadin da zai zuba da wannan a ransa.