Malamin Likitancin Shanu a Jami'a

Malamin likitancin shanu likitan dabbobi ne da ya zauna a jami'a yana koyarwa, yana duba marasa lafiya a asibitin koyarwa, yana kuma bincike kan cututtukan shanu. A Amurka shanun nama daban suke, na nono daban, kowane ɓangare da masanansa. A ƙasar Katsina da Daura garke ɗaya ne: saniyar Bunaji ko Rahaji ta ba da nono, bijimi ya ja garma, daga ƙarshe duka su biyun su isa mayanka. Don haka in an ce shanun nama a nan, ana nufin na turka da waɗanda ake lodawa zuwa kudu daga kasuwanni irin su Mai'aduwa, Caranci da Jibiya.

Hanyar shiga

Karatun digirin likitan dabbobi, wato DVM, shekara 6 ne. 'Yan Katsina da yawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suke yin sa, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Daga nan sai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, sai bautar ƙasa, sai digiri na biyu da na uku. Ana hawa daga ƙaramin lakcara zuwa babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa, galibi da tazarar aƙalla shekara 3 a kowane mataki. A matakai biyu na ƙarshe masana na wajen jami'ar ne ke auna rubuce-rubucen mutum. Takardun da aka buga su ake ƙirgawa, ba shanun da aka ceto ba, shi ya sa wasu ke nisanta da ruga tun da wuri.

Koyarwa

Ɗalibi yana fara koyon lafiyayyen sa kafin marar lafiya. Zafin jiki tsakanin digiri 38 da 39 yake. Tumbi yana motsawa sau 1 zuwa 2 a minti, a kwiɓin hagu ake sauraronsa. Shekaru kuwa a haƙori ake karanta su: manyan haƙora biyu na farko suna fitowa wajen shekara 2. Abin da malamai suka fi nanatawa shi ne auna nauyi, ko da da tef a ƙirji ne, domin da kilo ake lissafa magani. Allurar sammore (cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa) ta diminazin miligiram 3.5 ce a kowane kilo. In aka yi kirdado aka ba sa mai kilo 300 kason mai kilo 200, zai farfaɗo na ɗan lokaci, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin.

Bincike

Tun da aka shelanta kawar da annobar shanu ta bushiya daga duniya a 2011, ciwon huhu ya zama babban abin damuwa, tare da boru (ciwon baki da kofato), bakkale (mai sa ɓari), kirci (ciwon fata) da ciwon hanta. Rigakafin ciwon huhu daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato yake zuwa, kuma kowace shekara ake maimaita shi. Ƙwayar cikinsa rayayya ce, don haka in an dama shi aka bar shi a rana, kafin a kai ƙarshen garke ƙwayar ta mutu. Wahalar cutar ita ce sa wanda ya warke yana iya ɗauke da ita a ɓoye cikin huhunsa, ya shiga kara, ya shafa wa wasu. Shi ya sa mai bincike ke sammako zuwa mayanka, inda ake ganin huhun da ya manne da haƙarƙari, cikinsa zane-zane. Shanun da ke ƙetarowa daga Nijar kuma suna sa binciken ya wuce iyakar jiha ɗaya.

Don gwajin cuta, ana ɗibar jini a jijiyar wuya, a bar shi ya daskare, a tsame ruwansa, a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8. A nan aiki ya fi lalacewa. Ƙanƙara ta narke a hanya, ko wuta ta ɗauke, ko lamba ta goge a jikin kwalba, sai wahalar wata guda ta tashi a banza. Kafin duk wannan ma sai an bi ta hannun arɗo, domin makiyayi ba ya son a ƙirga masa dukiya, kuma wanda aka ɗebi jinin shanunsa bara ba a dawo masa da sakamako ba, bana ba zai yarda ba.

A turka, wadda kan ɗauki kwana 90 zuwa 120, cuta tana yawan fitowa daga abinci. Sa da ya saba da ciyawa, in aka cika masa dusa da hatsi rana ɗaya, tumbinsa zai yi tsami, ya daina tuƙa, ya yi zawo, wani ma ya kwanta. Ana ƙara dusar ne kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3, harawa ko karan dawa kuma ba sa yankewa a gabansa.