Bahaushe a Littattafan Koyon Harshe na Makarantun Legas

Tambaya: Ta yaya littafin koyon harshe zai nuna son kai, alhali nahawu yake koyarwa?

Amsa: Ai babu jimlar da ba ta da mutum a cikinta. Idan duk inda aka ambaci Musa gadi yake yi ko tura baro, likita da lauya kuwa kullum sunayen wani yanki ne, to yaro zai haddace wannan tare da darasin, ba tare da malami ya furta ba. Haka ma mata: uwa kullum tana kicin, uba yana karatun jarida.

Tambaya: To aibi ne a zana Bahaushe yana gasa tsire?

Amsa: Ko kusa. Sana'a ce ta halal, ta ciyar da gidaje da yawa. Abin da ke damuna shi ne a ce ita kaɗai ake nunawa. Hausawa suna Legas tun ƙarni na 19, suka ƙaru bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataucin goro ya raya Zangon Agege. A yau akwai dillalan kayan gwari a kasuwar Mile 12, akwai malamai da injiniyoyi, ga matatar man Dangote a Lekki. Yarinyar da aka haifa a unguwar Idi-Araba ta Legas ta cancanci ganin wannan a littafinta, 'yan ajinsu Yarabawa da Ibo su ma su gani.

Tambaya: Me ya sa batun ya fi nauyi a Legas?

Amsa: Tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. Abu ne mai kyau, yaranmu su iya harshen maƙwabtansu. Amma littafin da kowa zai karanta dole, wajibi ne ya yi wa kowa adalci. Littattafan Hausa ma a duba yadda suke zana sauran ƙabilu.

Tambaya: Wa ke da alhakin gyara?

Amsa: Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ce ke tsara manhaja, kamfanonin ɗab'i su rubuta littattafai, ma'aikatar ilimi ta amince da su. Iyaye kuwa su buɗe littafin yaro su duba hotuna da sunaye, abin da bai dace ba su kai shi taron iyaye da malamai da lambar shafinsa.