Mene ne onigiri? Curin shinkafar da matafiya ke guzuri da shi a Japan

Onigiri abincin Japan ne. Dafaffiyar shinkafa ake dunƙulawa da hannu, a ɗan shafa mata gishiri, a cusa wani abu mai ɗanɗano a tsakiyarta, sannan a naɗe ta da busasshen ganyen teku da suke kira nori. Girmansa bai wuce cikin tafin hannu ba. Yawanci mai kusurwa uku ne, ko da yake akwai kewayayye, akwai kuma mai ɗan tsawo. Wasu Japanawan omusubi suke ce masa, kuma duk abu ɗaya ake nufi. Sunan ya tsallaka ƙasashe har ta kai a watan Maris na 2024 ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da shi cikin kalmominsa, kuma yanzu ana yawan cin karo da shi a bidiyoyin masu yawon buɗe ido.

Mutane da yawa na ɗaukarsa sushi ne, amma sun bambanta. Shinkafar sushi ana gauraya ta da ruwan tsami da sukari, kuma sau da yawa ɗanyen kifi ake ɗora mata. Ta onigiri gishiri kawai take buƙata, abin da ke cikinta kuma dafaffe ne ko wanda aka adana da gishiri. A ido za ka ce malmalar tuwon shinkafa ce ƙarama, sai dai ba a tuƙa ta. Kowace ƙwaya tana nan daram. Irin shinkafar Japan ce mai gajeren tsaba, mai danƙo, ke sa ta riƙe kanta ba tare da an markaɗe ta ba. Da doguwar shinkafar da ke warwarewa in ta dahu, ko an matse ta sai ta watse.

Aikin kansa a hannu yake. Mai yi yakan jiƙa tafukansa da ruwa, ya dangwali gishiri da yatsa ya murza, ya ɗebi shinkafar tana zafi. Sai ya yi mata ɗan rami da babban yatsa, ya sa abin ciki, ya rufe. Hannu ɗaya ya zama shimfiɗa, ɗayan ya lanƙwasa kamar rufin ɗaki, a matsa a juya, a matsa a juya, kusurwoyi uku su fito. Gwanintar duka a wajen matsin take. In aka matse da ƙarfi sai ya yi tauri ya ƙi daɗi a baki, in aka sassauta da yawa sai ya tarwatse kafin ya kai baki. Na ƙwararre yakan tsaya a hannu, amma da an ciza sai ya warware da kansa.

Abin da ake cusawa ya faro ne daga buƙatar kada abinci ya lalace a hanya. Ɗaya daga cikin mafi tsufa shi ne umeboshi, wani ɗan itace da ake jiƙawa da gishiri a shanya, mai tsananin tsami, wanda ke taimaka wa shinkafa ta daɗe ba ta yi yami ba. Akwai gasasshen kifin salmon mai gishiri, akwai kombu, wato ganyen teku mai kauri da ake dafawa da ruwan soya (baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya), akwai okaka, busasshen kifi da aka kankare, akwai ƙwan kifi da suke kira tarako, da mai yajinsa mentaiko. Akwai kuma wanda ba a sa masa komai sai gishiri, shi ne shio musubi, kuma a ganina da shi ake gane shago mai shinkafar kirki, domin babu abin da zai rufa wa mai dafawa asiri.

Abincin ya daɗe ƙwarai. A 1987 masu tonon kayan tarihi suka gano wani ƙonannen curin shinkafa a jihar Ishikawa, wanda aka ƙiyasta ya kai kusan shekara 2,000. Mayaƙan samurai sun riƙa tafiya da shi a naɗe cikin ɓawon gora, manoma na kai shi gona. Naɗe shi da nori kuwa sai a zamanin Edo na tarihin Japan, wato ƙarni na 17 zuwa na 19, ya yaɗu, lokacin da aka iya busar da ganyen a yi shi falle-falle kamar takarda. Da jirgin ƙasa ya zo, onigiri ya bi shi. Labarin da ya fi shahara kan abincin tasha na farko, wanda suke kira ekiben, shi ne na tashar Utsunomiya a 1885: curi biyu da ɗan yankan tsamammen radish (wani kayan lambu fari mai kama da karas), a ƙunshe cikin ɓawon gora. Akwai tashoshin da ke ja da wannan labari, amma ya nuna irin matsayin abincin. Guzuri ne tun asali. Ba ya neman cokali ko tsinken cin abinci, ba ya neman a ɗumama shi, ba ya ɓata hannu, tunda nori ɗin shi ne mariƙi.

Har tsakiyar ƙarni na 20, uwa ce ke yi wa ɗanta a gida. Abin da ya mai da shi kayan saye shi ne konbini, ƙananan shagunan nan da mafi yawansu ba sa rufewa dare da rana, waɗanda yawansu ya haura 50,000 a faɗin ƙasar, manyansu 7-Eleven da FamilyMart da Lawson. Kamfanin 7-Eleven ya buɗe shagonsa na farko a Tokyo a 1974, ya fara sayar da onigiri a 1978. A 1983 ya fito da mai kifin tuna da mayonis, wanda har yau yana sahun gaba wajen ciniki. Matsalar da suka warware ita ce ta nori: in ya daɗe manne da shinkafa sai ya jiƙe ya yi laushi. Don haka aka sa leda a tsakaninsu. Ledar tana da lambobi 1, 2, 3. Za ka ja zaren da ke lamba 1 daga sama ya zagaye har baya, ledar ta rabe biyu, sai ka zare kusurwar lamba 2, ka zare ta lamba 3. Ledar na fita, ganyen ya kwanta kan shinkafar yana ƙaras-ƙaras. Baƙon da ya yi gaggawa ya yage ta ta gefe, ganyen zai yage tare da ita.

Sai kuma shagunan da ba su da sana'a sai onigiri, kuma su na fi so matafiyi ya nema in yana da ɗan lokaci. Na konbini inji ne ke bugawa, kuma yakan yi awoyi a kan kanta. Na shago a gabanka ake dunƙula shi, da ɗuminsa. Onigiri Asakusa Yadoroku, wanda aka buɗe a 1954, shi ake ɗauka mafi tsufa a Tokyo, kuma jagoran abinci na Michelin ya sa shi cikin jerin wuraren da ke da abinci mai kyau a farashi mai sauƙi a bugunsa na 2019. Onigiri Bongo da ke unguwar Otsuka, tun 1960 yake, yana da abin ciki fiye da iri 50, kuma layinsa kan ɗauki awoyi, don haka ba na mai jirgi a gaba ba ne. Mai sauri ya nemi irin su Omusubi Gonbei, da ke da rassa a cikin tashoshi. Ka nuna da yatsa, a ƙunsa maka, ka wuce.

Kusa da irin waɗannan shaguna, kusan a kowace babbar tasha, za ka ji ƙamshin gidan burodi. Turawan Fotigal ne suka kai burodi Japan a ƙarni na 16, amma bai shiga jama'a ba sai da gidan Kimuraya na unguwar Ginza a Tokyo ya cusa masa jan wake mai zaƙi a 1874, aka sami anpan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alkamar Amurka ta shiga abincin 'yan makaranta, yara suka taso da burodi a baki, har a 2011 kuɗin da magidanta ke kashewa kan burodi ya zarce na shinkafa. A gidan burodin Japan kai ne za ka ɗauki tire da ɗan ƙarfen ɗauka a bakin ƙofa, ka zagaya ka zaɓa, ka kai wajen biya. Za ka ga karepan, burodi mai kori a ciki da aka soya, da meronpan mai ɓawon sukari, da wanda aka tsaga aka cika da soyayyar taliya.

A nan ne matafiyi Musulmi ya kamata ya buɗe ido, domin kamannin abinci ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Burodi ya fi onigiri wuyar sha'ani. Ana iya kwaɓa shi da man alade ko kitsen da ba a faɗi na wace dabba ba ce, korin da ke cikin karepan kuma sau da yawa da nama ko romon alade. Tsiran nama da yankan naman da ake ɗorawa kan burodi galibi na alade ne. Onigiri ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Wasu abubuwan cikin ana dafa su da mirin ko sake, dukansu giyar shinkafa ce da ake girki da ita, wasu na konbini kuma akan sa musu sinadarin ɗanɗano daga alade ko da sunan da ke gaban ledar kifi ne. A tsibirin Okinawa, shahararren onigirinsu ma da naman gwangwani na alade da ƙwai ake yinsa. Doka ta tilasta a rubuta kayan haɗi a bayan leda, kuma manhajar fassara ta waya na iya karanta rubutun da kyamara. A shagon da ake yi a gabanka kuwa sai a tambaya. Mai gishiri zalla, mai umeboshi da mai gasasshen salmon su ne suka fi ƙarancin haɗi. Batun ɗan abin maye da ke cikin ruwan soya kuwa, malamai sun saɓa a kansa, gara mutum ya tambayi malaminsa tun kafin ya tashi.

Farashi ya motsa. A da, curi ɗaya a konbini yen 100 ne da 'yan kai (yen shi ne kuɗin Japan), amma tsadar shinkafar da ta kama ƙasar daga 2024, har buhun kilo 5 ya haura yen 4,000 a 2025, ta sa da dama sun doshi yen 200. Haraji ma ya danganta da inda za ka ci: tun Oktoban 2019, abincin da aka fita da shi kashi 8 cikin ɗari ake cajinsa, wanda aka zauna aka ci a shago kashi 10. Cin abinci ana tafe a titi ba ɗabi'ar da suke so ba ce, haka ma a jirgin cikin gari mai cunkoso. A jirgin Shinkansen mai dogon zango kuwa akwai ɗan tebur a jikin kujera, kowa na buɗe ƙunshinsa. Kwandon shara yana wuyar samu a titunan Japan, don haka a riƙe ledar a jaka har a kai tasha ko masauki. Kada a sa onigiri a firji, sanyi na busar da shinkafar ta yi tauri. A duba lokacin da aka buga a jikin ledar, wanda har da awa yake nunawa, a cinye shi kafin lokacin ya cika, musamman a watannin zafi na Yuli da Agusta.