Ba kullum kan firinta ne ke mutuwa ba

A shagunan buga manyan fostoci na Gombe, da zarar zane-zanen da ba a so sun fito a jikin aiki, sai ka ji an ce kai, wato ɓangaren firinta da ke fesa tawada, ya mutu. Haba! Kafin a kashe kuɗi, a buga gwajin tawada tukuna. In kowane launi ya fito cif, kan lafiyarsa ƙalau.

Sau da yawa matsalar daga wata siririyar leda ce mai ɗauke da ƙananan layuka, wadda injin ke gane inda kai yake da ita. Ƙurar hunturu da feshin tawada kan dusashe ta, sai rubutu ya riƙa fitowa biyu-biyu. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa sun isa a goge ta, ban da sinadarin wanke kai, don yakan cinye layukan. Bel ɗin da ke jan kan ma, in ya saki, yakan sa rubutu ya fito biyu-biyu.